Jinyar wanda aka yi wa tiyata: da agogo ake ba da maganin ciwo

Mutanenmu sun iya dauriya, musamman matan da aka yi wa fiɗar haihuwa, amma a nan dauriya cuta ce. Wanda ciwo ya riƙe ba ya jan numfashi sosai, ba ya tari, ba ya tashi. Daga nan sai majina ta taru a huhu, jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Shi ya sa a kwana biyu zuwa ukun farko ake ba da magani kan lokaci, ba a jira sai majiyyaci ya fara nishi.

Babba mai nauyin kilo 50 zuwa sama yana shan parasetamol giram 1, wato ƙwaya biyu ta miligiram 500, duk awa 6, kada ya wuce giram 4 cikin awa 24. Ku duba kwalin maganin mura, da yawansu akwai parasetamol a ciki, in aka haɗa ya yi yawa hanta ce ke lalacewa. Ibuprofen ko diklofenak, in likita ya rubuta a ordonansi, bayan cin abinci ake sha, kuma ɗaya daga ciki, ba duka biyun ba. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ya faɗa tun farko. A zafin Afrilu da Mayu na Maradi, shan waɗannan biyun jiki ba ruwa yana taɓa ƙoda.

Tramadol kuwa na farmasi kaɗai, ba na 'yan talla ba. Yana kawo jiri, tashin zuciya da taurin bayan gida. In barci ya yi nauyi har tada mutum ya yi wuya, ku kira ma'aikacin jinya nan take.

Maimakon "yaya jiki?", wadda amsarta kullum "da sauƙi" ce, ku ce: "Baba, daga sifiri zuwa goma, ciwon nawa ne?" Sifiri ba ciwo ke nan, goma kuwa ciwo mafi tsanani. In ya kai 7 bayan awa guda da shan magani, a sanar da ma'aikacin jinya.

Duk awa majiyyaci ya ja dogon numfashi sau 10. In tari ya zo, ya danne wurin ɗinkin da matashi. Da an ba da izini, ya zauna bakin gado tukuna, sannan a kama shi ya taka. Koko ko fura sai ma'aikata sun yarda, musamman bayan aikin ciki.

Bandeji ya zauna a bushe; in zufa ko jini ya jiƙa shi, a asibiti za a sake. Ba toka, ba man shanu, ba gashi da ruwan zafi a kan ɗinki. Zazzaɓin da ya wuce digiri 38, mugunya, kumburin ƙafa ɗaya, sarƙewar numfashi, ko awa 8 ba fitsari: a koma wurin likita, ko da tsakar dare ne.