Yadda ake sanin kuɗin bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi

Maganar kasuwar gwanjon Amurka nake yi, inda tsofaffin bindigogin farautar barewa suka cika shagunan jingina. Sabon shiga yakan ɗauki bindiga ya shafa ƙota, ya ga tana sheƙi, ya biya. Ƙota ita ce ta ƙarshe da nake dubawa.

Fara da karanta rubutun da ke jikin bututu. Browning BAR, wadda ta fito a 1967, idan an ƙera ta an kuma haɗa ta a Beljiyam ta fi wadda aka haɗa a Fotugal tsada, ko da aikinsu ɗaya ne. Winchester 100 ta kafin 1964, mai zanen ƙota da aka sassaƙa, ta fi ta baya wadda inji ya danna wa zane. Ita Winchester 100 ɗin, kamfanin ya yi kiranyenta a 1990 saboda allurar da ke dukan harsashi tana iya karyewa, don haka ka bi lambarta ka tabbatar an sauya allurar kafin a fara ciniki.

Sai matakin da mutane ke faɗuwa a kai. Ka cire gidan harsashi, ka ja sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu) baya, ka haska tocila cikin akwatin ƙarfen da sakatar ke kai da komo. Remington 742 Woodsmaster, wadda aka yi daga 1960 zuwa 1980, tana da ciwo sananne: haƙoran sakatar suna dukan hanyar da suke bi, har su tona ƙananan ramuka a jere. Da zarar ramukan sun yi zurfi, sakata za ta riƙa sarƙewa, kuma kamfanin ya daɗe da daina yin kayan gyaranta. Na ga mai irin wannan, waje tas kamar amarya, ya kai ta wurin maƙeri aka ce masa sai dai a sayar da ita gutsun-gutsun. Ka sa yatsa ka shafa wurin. In ka ji kaushi, kuɗin kayan gyara kawai za ka bayar. Ka kuma leƙa ramin da harsashi ke kwanciya. Yawancin masu ita ta baki suke wanke bututu, su bar gindinsa yana cin tsatsa, shi ya sa kwanso ke maƙalewa bayan harbi. Mai shago zai ce maka mai kawai take so. Kar ka yarda. A ganina, in kuɗinka ya kai, ka wuce 742 ka nemi 7400 da ta gaje ta a 1981.

Daga nan girman harsashi. Mai cin .30-06 ko .308 tana saurin shiga, amma da yake ta yi yawa ba ta tsada. Winchester 100 mai cin .284 kuwa masu tara tsofaffin bindigogi suna rububinta, sai dai in farauta za ka yi da ita, neman harsashinta zai gajiyar da aljihunka.

In bindigar tana hannunka, kar ka sake fenti, kar ka goge ƙota da sabon mai, kar ka huda ƙarfe don ɗora madubin hange. Baƙin ƙarfe na asali, ko ya koɗe, ya fi sabon rini daraja. Madubin da mai sayarwa ya ɗora ma ba na lissafa shi sai in na kamfanin Leupold ne ko makamancinsa. Gidan harsashi na asali, kwali da takardu suna ɗan ƙara wani abu.

Farashi kuma ka duba abin da aka riga aka saya a GunBroker, shafin intanet na cinikin bindigogi, ba abin da masu talla ke nema ba. Jiha ma tana da tasiri: a Fensilbaniya doka ba ta yarda a harbi barewa da irin wannan bindiga ba, don haka masu nemanta ba su kai na sauran jihohi ba. In sayarwa za ka yi, bari sai kaka, gab da buɗe farauta.