Yadda ake tantance fim ɗin asitet na Pop Art da adana shi

Tun 1962, lokacin da Andy Warhol, fitaccen mai zane a salon Pop Art (salon da ke ɗaukar hotunan talla da na shahararrun mutane), ya fara buga hotuna ta rariyar siliki a New York, fim ɗin asitet, wato siririn fallen roba, kayan aiki ne a shagon bugu. Ana mayar da hoto baƙi da fari, a buga shi kan fim mai haske kamar gilashi, a ɗora kan rariyar da aka shafa wa sinadari mai jin haske, sannan a haska. Inda baƙin ya tare haske sinadarin yakan wanke, ta nan tawada ke bi. Yau masu tara kayan fasaha na sayen waɗannan fina-finan, kuma a nan ake yawan cutar mutane.

Fara da takardu kafin ka kalli fim ɗin. Ana iya ɗaukar hoton zanen da aka gama a fitar da sabon fim cikin sa'a guda, don haka kamannin hoton ba hujja ba ne. Nemi bayanin hannun da ya bi: daga wane mai bugu ya fito, wa ya saya, a wace shekara. Hukumar da ke tantance ayyukan Warhol ta rufe a 2012, kuma yawancin irin wannan fim ba su da sa hannu, tunda ba don sayarwa aka yi su ba.

Sai ka sa safar hannu ta roba irin ta naitiral, ka riƙe shi ta gefe. Fuskar da hoton ke kanta ba ta kai ɗayar sheƙi ba. Da gilashin ƙara girma, duba ɗige-ɗigen hoton: na asali suna da baki tsaf, kwafi kuwa sukan yi dishi-dishi. Fim ɗin da ya yi aiki yakan nuna guntun tef, jan fenti da aka toshe ƙananan ramuka da shi, alamun daidaita launi a kusurwa. Kada ka goge ko ɗaya, su ne shaidarsa.

Sunan asitet ma yakan yaudara, don da yawa foliyesta ne, wani nau'in roba daban. Sa fim ɗin gaban farin allon kwamfuta, ka duba ta tabarau mai polaraiza (irin mai rage ƙyallin rana) kana juya shi. In launukan bakan gizo suka bayyana, foliyesta ne, ya fi daɗewa. In babu, to mai yiwuwa asitet ne, sai ka shinshina. Warin tsami irin na binega na nufin fim ɗin ya fara ruɓewa yana fitar da asid, daga nan sai ya tsuke, ya lanƙwashe, hoton ya ɓanɓaro. Ba a mayar da shi baya, sai dai a rage masa gudu. Takardar gwajin asid da ake kira A-D, in an rufe ta da fim ɗin kwana ɗaya, tana juyawa daga shuɗi zuwa kore, sannan rawaya in abin ya yi nisa. Wanda ya kamu a ware shi, domin tururinsa na lalata na kusa.

A ajiye shi a kwance cikin ambulan na takarda mara asid, ɗaya a kowanne, a wuri mai sanyi, laima tsakanin kashi 30 zuwa 40. Zafi da danshi ne ke hanzarta ruɓewar. In za a rataye, a bar tazara tsakaninsa da gilashin firem don kada ya manne, a kama shi da kusurwoyin takarda maimakon gam, a haska da LED mara zafi, nesa da taga.