Have you ever ko Did you, wanne zaka ɗauka?

Kafin ka buɗe baki ka fara duba lokaci tukunna. In so kake ka san ko mutum ya taɓa yin wani abu a rayuwarsa kuma baka damu da ko yaushe ne ba, "have you ever" zaka ce, sai ka biyo da siga ta uku ta aikatau irin su seen, eaten, flown, banda saw da ate. "Have you ever flown in a plane?" Shikenan, tun daga ranar da aka haife shi har zuwa yanzu da kuke tsaye duk tambayar ta kwashe.

Amma da zarar ka ambaci lokacin da ya riga ya wuce, yesterday ne ko last year ko in 2019, to have ta sauka did ta hau. "Did you see him yesterday?" Kuma dan Allah bayan did ka bar aikatau yadda yake, did you see ake cewa, did you saw kam babu ita, ai did ɗin ta riga ta nuna abin ya wuce.

Inda aka fi yin tuntuɓe shine tambaya ta biyu. Kace "have you ever ridden a horse?" yace maka "yes, I have", to daga nan fa hira ta koma kan wata rana guda da abin ya faru, dole kaima ka juya, "when did you ride it?", "were you scared?", "did you fall?", haka zaka cigaba har ku gama, dan in kana neman takamaiman lokaci when da did suke tafiya, "when have you ridden it" a nan wani banbarakwai take fita.

In maganar zuwa wani gari ce been ake sawa, "have you ever been to Paris?" dan been ya je ya dawo ne, gone kuma yana can har yanzu.

"Did you ever" ma ba kuskure bace, Amurkawa suna yawan faɗinta fiye da mutanen Ingila, kuma akwai inda ita ce ma daidai, wato in damar yin abin ta riga ta wuce. Wanda kakansa ya rasu "did you ever meet your grandfather?" zaka ce masa, in kace have you ever sai ya ɗauka baka san tsohon ya rasu ba.