Yadda shugaban makarantar firamare zai tantance ƙwazon ɗalibansa

Kada shugaban makarantar firamare ta gwamnati ya dogara da matsakaicin makin aji kaɗai, domin yakan ɓoye yaran da aka bari a baya. Ya tattara rajistar kiran suna da sakamakon jarrabawar zango uku, sannan ya kasa ɗaliban aji 1 zuwa 6 rukuni-rukuni: maza da mata, masu magana da Hausa a gida da masu Fulatanci ko Barbarci, da masu zuwa daga nesa. A ganina, yawan fashi ya fi komai tona matsala, musamman ranar kasuwa da lokacin damina, sa'ad da ake tura yara talla ko gona. Idan makin wani rukuni ya faɗi, ya gabatar da alƙaluman ga kwamitin iyaye da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ba tare da ambaton sunayen yaran ba.