Kalmar skid: inda masu fassara suke zamewa

Duk wanda ya taɓa fassara labarin hatsarin mota daga Turanci ya ci karo da skid. Da yawa sai su rubuta "motar ta kife" ko "direba ya taka birki". Duka biyun kuskure ne. Abin da ya faru shi ne taya ta daina kama titi, motar ta zame, ko don santsin ruwan sama, ko don an danne birki da ƙarfi har tayoyin suka ƙame suna jan ƙasa. Ka ce "motar ta zame". Baƙin shatin da taya ke bari a kwalta kuwa, wanda 'yan sanda ke aunawa don ƙiyasta gudun mota, shi ne skid marks.

Birki na da alaƙa da kalmar, amma ta wata hanya. A zamanin keken doki a Ingila, idan za a sauka gangara, akan cusa katako ko ƙarfe a ƙarƙashin ƙafar keken don ta daina juyawa. Wannan abin sunansa skid. Ya yi kama da wejin da yaron mota ke sawa, sai dai weji na tsayar da mota ne cak, shi kuwa wannan ana tafe yana gogar ƙasa.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne a takardun kaya. An rubuta janareta skid-mounted, mai fassara ya ce "janareta mai zamewa". Haba! Ana nufin an ɗaure shi a kan gindin ƙarfe domin a iya ja ko ɗaga shi gaba ɗaya. Nan kalmar suna ce: katakon da ake jera kaya masu nauyi a kai, ko sandunan nan biyu da jirgi mai saukar ungulu ke sauka a kansu maimakon taya.

Skid Row ta Los Angeles ma ba "layin santsi" ba ce. Asalinta skid road, hanyar da masu saran itace a Amurka ke shimfiɗa wa gungumai suna shafa musu maiƙo, shanu na jan itace a kai. Ana yawan danganta sunan da titin Yesler a Seattle. Yau ana nufin unguwar marasa matsuguni da masu shaye-shaye, don haka a bar sunan yadda yake, a ƙara bayani a gefe.