Yadda ake gwajin kumburin huhu a jikin ɓera ba tare da yaudarar kai ba

Ɗaliban da ke kawo mini tsarin bincike a kan huhu kusan bakinsu ɗaya: a ba ɓera LPS (wani sinadari daga fatar bakteriya), a ƙirga fararen ƙwayoyin jini, a rubuta cewa huhu ya lalace. Ba na sa hannu a kan wannan. Taruwar ƙwayoyin jini daban, raunin huhu daban.

Ku fara da zaɓen abin da zai haddasa cutar, gwargwadon tambayarku. Idan kuna nazarin majinyacin da abin cikinsa ya koma masa huhu, asid za ku ɗiga a bututun iska. Idan ɓarnar na'urar numfashi ce, sai a hura huhun fiye da ƙima. Bilomaisin kuwa, wani maganin ciwon daji, na masu neman tabon da ke biyo baya ne. LPS ya fi farin jini don sauƙinsa, amma ku sani ba ƙwayar cuta ba ce mai rai. Wani sashe ne na fatar bakteriya irin su E. coli, ba ya hayayyafa, don haka bai kwaikwayi namoniya sosai ba.

Abin da ke faruwa bayan ya shiga shi ne zuciyar aikin. A cikin jakunkunan iska akwai makrofaj, wato ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye baƙon abu, zaune kamar 'yan gadi. LPS na taɓa TLR4, furotin mai gane shi da ke jikinsu, sai su saki sinadaran da ke tayar da kumburi, wato TNF da IL-1 da IL-6. Bruce Beutler da abokan aikinsa suka gano matsayin TLR4 a 1998, ta hanyar ɓerayen C3H/HeJ waɗanda LPS ba ya tayar musu da hankali, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2011. Bayan sakin sinadaran sai a kira nutrofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, daga jini. A mutum IL-8 ke wannan kira, amma ɓera ba shi da shi, CXCL1 da CXCL2 yake amfani da su, don haka kada ku ɓata kuɗi wajen sayen kayan auna IL-8. Nutrofil in sun iso sukan zubar da sinadarai masu narka nama, shingen da ke tsakanin jini da iska ya fara yoyo, ruwa mai furotin ya cika inda iska ya kamata ta zauna. Nan ne raunin yake.

Wannan ya sa lokaci ke da muhimmanci ƙwarai. TNF na tashi cikin sa'o'in farko ya sauka, nutrofil kuwa sai wajen kwana ɗaya suke kai maƙura. Wanda ya auna TNF bayan kwana biyu ya ce maganinsa ne ya sauke shi, bai nuna komai ba. Ku ware aƙalla lokuta biyu na aunawa.

Wajen aunawa, ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta fitar da ma'aunai 4 a 2011: rauni a nama, yoyon shinge, kumburi, da tawayar aikin huhu. Ku nemi aƙalla 3. Bayan an kashe dabbar ta hanyar da kwamitin ɗa'a ya amince, a sa siririn bututu a maƙogwaro, a tura ruwan gishiri a hankali, a zuƙo shi. Na ɓera lafiyayye kusan garau yake fitowa, yawancin abin da ke ciki makrofaj ne. Na mai rauni gurɓatacce ne, wani lokaci da ja-ja. A cikinsa za ku ƙirga ƙwayoyi, ku auna furotin. Nauyin huhu ma yana nuna yawan ruwan da ya taru a ciki, sai dai huhun da aka wanke ba a auna nauyinsa. Ku ɗaure ɓangare ɗaya tun farko, ku auna shi ɗanye, ku busar a tanda har nauyin ya daina sauyawa, ku sake aunawa. Wanda za a duba a madubin likita kuma a cika shi da fomalin, ruwan adana nama, da matsi iri ɗaya ga kowace dabba, in ba haka ba huhun da ya motse sai ya yi kama da mai kumburi. Mai duban gilashin kada ya san rukunin da yake dubawa.

Rukunin kwatance, wato ɓerayen da ba a sa wa cutar ba, su ma a sa su barci, a ɗiga musu ruwan gishiri zalla ta hanya ɗaya, a rana ɗaya. Ku kuma leƙa ɗakin dabbobin da kanku. Garin katako mai ƙura da zarnin fitsarin da ya kwana a keji kan fusata hanyar iska tun kafin ku taɓa ɓeran, balle a lokacin hunturu. Ku riƙa auna nauyin ɓerayen kullum, kuma ku rubuta tun farko irin ramewa ko wahalar numfashin da in dabba ta kai za a kashe ta don a sauwaƙe mata, ko da lokacin da kuka tsara bai yi ba.