Yadda ake shafa wa gilashin mota maganin korar ruwa

Maganin da ke sa ruwa ya dunƙule ya gangare daga gilashi yawanci sinadarin silikon ne ko danginsa, kuma da fuskar gilashin kanta yake kamawa. Duk abin da ya shiga tsakani, maiko ne ko tabon busasshen ruwa, zai sa ya goge cikin 'yan makonni. Shi ya sa wanki ya fi shafawar muhimmanci.

A ajiye motar a inuwa har gilashin ya huce. Zafin da ya dace shi ne digiri 10 zuwa 30. A rana maganin yakan bushe kafin ya baje. A wanke da sabulun mota, a ɗauraye, sannan a bi da sifirit da ƙyalle marar barin zare. Ga yadda ake gane an gama: a watsa ruwa. In ya shimfiɗu bai ɗaya, gilashi ya fita. In ya tsaya ɗigo-ɗigo, da sauran maiko, sai a sake. A busar sarai, har gefen roba inda ruwa ke laɓewa.

A ɗiga maganin kaɗan a soso, a shafa rabin gilashi sama da ƙasa, sannan a gicciye. Bayan minti 5 zuwa 10 zai yi dishi-dishi, sai a goge da busasshen ƙyalle har ya yi garau. Nan ne mutane ke kwafsawa: ragowar da ba a share ba ita ke sa fitilar motar da ke tahowa ta watsu a ido da dare, waifa kuma ta riƙa tsalle tana ƙara. A goge robar waifar ita ma da sifirit. Gara a hana ruwa taɓa gilashin har awa 24.

Ba a shafa maganin gilashi a kan roba, kamar murfin fitila ko garkuwar hular kwano, domin yana iya dusashe ta. Haka tabarau mai hana ƙyalli. Gilashin taga mai wanke kansa, irin Pilkington Activ, aikinsa akasin wannan ne: hasken rana ke ruguza datti a kansa, ruwa ya shimfiɗu ya kwashe, don haka maganin zai lalata masa aiki.